Rigar Sule Ta Sami Mai Sawa

Yaya Hajo, gaisuwa mai yawa daga Dangora. Yaya sanyin Jos, yaya maigida da yara? Mu lafiya lau.

Kin san burina, in kaɗa zare da hannuna a saƙa wa ɗana Sule rigar saukar karatu. Kullum uwar mijina sai ta leƙo ta ce, "Zare ne wannan ko igiyar guga? Wa zai sa shi?"

To, ran Talata tsohuwar ta cika. Aka nemi likkafani, babu fari a gidan sai wanda masaƙi ya saƙo mini da zaren nan. Na miƙa, idona ƙamas. Tana can naɗe da igiyar guga har tashin ƙiyama.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Ita ma, in kin sami sarari.

Ƙanwarki, Ladi