Tuwon da ya huce saboda ni

Gaya, daren Talata

Yau maigidana Alhaji ya tare ni a magaze, ɗakin ajiyar kayansa, wai in koma Kotonu in riƙe masa kaya a bakin teku. Ɗaki mai kilima ta sanyaya iska, abinci a otel, amsa kuma gobe da safe. Ni da nake kashe ciniki tun mai saye bai gama sallama ba, sai ga wannan cinikin ya gagare ni.

Na yi ta gantali a bakin kogi ina juya maganar har aka yi isha'i, na manta sarai da ciyayyarmu ta ƙofar gida. Ina isowa na tarar da kwanoni a rufe bisa tabarma, ko hannu ba wanda ya wanke. Ashe labari ya riga ni zuwa.

Idi tela ya ce, "Ga ɗan Kotonu! Tun ba ka tafi ba ka fara kashe mu da yunwa?"

Na ce, "Da kun ci abinku mana."

Baba Sanda ya ce, "To wa zai kushe mana miyar? Zauna, ja'iri."

Tuwon shinkafa ya sandare, miya ta yi sanyi ƙalau. Na kushe ta kamar kullum, aka yi ta dariya, na kuma suɗe kwanon tas.

Na san a Kotonu abinci da zafinsa zai zo. Amma wa zai bar nasa ya huce saboda ni? Ba inda za ni. Gobe zan shirya wa Alhaji maganar yadda zai rantse shi ne ya hana ni tafiya.