Ranar da Na Faɗi Sunan Ɗanmu a Maradi

Malam,

Sallama da gaisuwa, da addu'ar Allah ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma dariya za ka yi wa rubutuna na yaƙi da jahilci. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai kai.

Gida lafiya. Gero ya yi bana, wake ne tsutsa ta taɓa. Labarin da ya zaunar da ni na Nasiru ne, ɗan Hadiza ɗiyarmu, wanda ka bari yana rarrafe. Amosanin jini gare shi, irin na yaronmu na fari. Kwanan baya aka ce wasu likitoci a Maradi suna bincike kan yara masu wannan ciwo, suna neman gane wanda ɓarin jikinsa zai shanye tun kafin abin ya zo. Na raka Hadiza. Sun ɗora wata 'yar na'ura a gefen kan yaron, suka saurari gudun jininsa. Suka ce gudun ya yi yawa, akwai haɗari, suka ba shi maganin da zai riƙa sha kullum, suka ce a riƙa kawo shi suna dubawa. Shi ke nan fa, Malam. Yaron ko kuka bai yi ba.

Hadiza ta fito tana hamdala har da hawaye. Ni kuwa ka san abin da na ji? Kishi. Kishin ɗiyar da na haifa da cikina.

Ina wannan na'ura take a shekarar babban fari? Ka tuna lokacin da rumbu ya ƙare, muna jiƙa 'ya'yan anza na daji muna zubar da ɗacinsu mu ci. Ka tuna safiyar da yaronmu na fari ya ɗauki ludayi, ludayin ya sulluɓe daga hannunsa, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son ya yi magana ya kasa. Tsofaffi suka ce iska ce ta taɓa shi, aka yi ta turare. Jakinmu ya riga ya mutu, sai ka saɓa shi a kafaɗa tun daga ƙauyenmu bayan Cadakori har Gidan Rumji, ina biye da kai da cikin Hadiza. Asibitin cike yake da yaran da yunwa ta kayar. Ma'aikacin ya dube shi, ya ce wannan ma yunwar ce, ya ba mu garin madara. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ke nan. Muka dawo, yaron ya yi ta jan ƙafa yana bin bango, har abin ya sake bugunsa, ya rasu kafin ruwa ya sauka.

To me Hadiza ta fi ni? Ta fi ni son ɗa ne? Mota ta shiga ta je, a zaune. Ni na taka da ƙafa, ƙaya na cin diddigena, na dawo da garin madara.

A can Maradi, wata likita mace ta tambaya ko an taɓa yin irin wannan a dangi. Na ba ta labari. Ta ce ba iska ba ce, ba yunwa ba ce, ba kuma sakacina ba ne, hanyar jini ce ta toshe a cikin kansa. Sannan ta tambayi sunansa. Malam, ka san ban taɓa kiran sunan nan ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. Yaron nan nake ce masa har aka binne shi. Ran nan, gaban baƙuwa, na buɗe baki na ce Isuhu.

Tun da muka dawo ban taka gidan Hadiza ba. Ta aiko da fura, tana zaton ƙafa ce ke damuna. Idan na hango Nasiru yana tsere da yara, hannuwansa biyu suna lilo, sai in yi masa addu'a da gaske, sai kuma in kawar da kai. Ina son ya rayu, Allah shaida ne. Gobe za su koma Maradi, kuma zan raka su, don Hadiza ba ta iya riƙe shi a mota ita kaɗai da goyo. Zan wanke fuska in yi mata fara'a. Ba sai ta sani ba.

Kai ma ban bar ka ba. Kai ne ka riƙa kiransa da suna a tsakar gida yana amsawa, yanzu kuma kai ne kwance kusa da shi, ni ina nan ina kallon 'ya'yan wasu suna warkewa. Wannan adalci ne, Malam?

Idan ana haɗuwa a can, ka gaya masa uwarsa ta kira shi. In bai amsa ba, ba laifinsa, bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Sai na zo.

Matarka, uwar Isuhu