Mayafin Inna da Ekran ɗin Hasana

Madarunfa, 21 ga Afirilu, 1997

Zuwa ga yayana Ɗan Azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali da sana'a a nan Kotonu. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat. Inna tana nan da sauƙi, idanun ne dai kullum ƙara dushewa suke yi.

Yaya, zancen ƴarka Hasana ya sa na ɗauki biro. Ka san ita ke buga takardu da ordinatar, wato kwamfuta, a buron ƙungiyar manoma, ofishinsu ke nan. Ran Talata ta zo rumfata, ta ce ekran, wato akwatin gilashin da ke nuna rubutun, ya yi ƙauri ya mutu, kuma shugabansu Malam Maman ya ce in ta tabbata sakacinta ne, ta nemi wani aiki. Ni kuwa rediyo ka koya mini, ban taɓa kwance irin wannan abu ba.

Da na je, sai na tarar da shi lulluɓe da mayafin zaren ulu mai kauri. Inna ce ta saƙa shi da lalube, wata biyu cur, wai abu mai daraja ba a barinsa tsirara, kamar yadda take rufe kwanukanta. Hasana ba ta ɗage shi ko yana aiki, ya toshe duk ramukan da yake shan iska.

Na buɗe bayansa. Na fara sauke wutar babban kondansater, ɗan gwangwanin nan mai ajiye wuta, da ƙwan fitila, yadda ka sha ja mini kunne. A ɓangaren da kuran, wato lantarki, ke shiga na ga ƙanana huɗu sun kumbura, ɗaya har ya yi dalala. Na hau mota zuwa Ɗan Issa, na samo uku sababbi, na huɗun kuwa daga cikin mushen telebijin na ciro shi. Na gasa ƙarfe a gawayi na liƙa su da dalma, ina duba ratsin kowane sau uku kada in juya masa ƙafa. Da aka kunna ya kawo haske, Hasana ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Malam Maman ya tsare ni da ido, ya tambayi abin da ya kashe shi. Na ce zafi ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa gaskiya ba, ga mayafin a ƙudundune cikin jakata. Ya ce ya ji, sai dai in ya sake mutuwa Yamai za a kai shi, abin da masana can suka faɗa shi zai bi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin tsohon kondansater ɗin nan na telebijin ban yarda da shi ba. Don Allah ka nemo mini sabo, lambarsa na bayan takardar nan, ka ba direba Adamu in zai taso.

Abin da ya fi damuna, Inna ta ji cewa na'urar ta yi ciwo, ta ce ai dama mayafin ya yi shara-shara. Ta aiki matata Indo ta sayo zare, ta fara wani mai ninki biyu. Jiya na same ta a zaure tana lalubar ƙugiya, tana cewa wannan karon ba abin da zai taɓa aikin jikarta. Na buɗe baki in faɗa mata, sai na ji kaina ina cewa launin ya yi kyau.

Indo da Hasana suna gaishe ka. Ka gaida Yaya Fatima da su Alhassan. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Ado mai rediyo