Warin Da Ka Ji A Rigata Ranar Juma'a

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Birmingham da Manchester,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Likita, ina gaisuwa tare da fatan iyali suna lafiya. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka ɓata ni.

Na farko, laifina. Ranar Juma'ar nan na fito daga ɗakin shuka na jami'a, na hau bas zuwa masallacin Sparkbrook ban canja riga ba. Muka haɗa sahu, ka ji wari. Ko tambayata ba ka yi ba, ka rubuta a zauren ƙungiya na waya cewa wani ɗalibi a Selly Oak yana noman wiwi, har da sunana da na unguwarmu a Kano.

Na biyu, aikina. Ƙwarai, wiwi nake bincike a kai, da lasisin gwamnati, a ɗakin da ko ganye ɗaya ba ya fita. Tsofaffin iri ne daga duwatsun Afganistan da Maroko, waɗanda manoma suka gada kaka da kakanni, suna zaɓar masu yawan danƙon da ake yin kayan mayen nan hashish da shi. Suna jure fari, suna nuna da wuri, shi ya sa masu haɗa sabon iri ke komawa gare su. Yau sabon irin yana neman cinye su, kamar yadda ya cinye geron kakana. Ni sinadarin da ke rage farfaɗiya nake nema a cikinsu. Kai likita ne, ka san akwai shi. Ƙanwata Hafsatu tun tana goye take faɗuwa.

Na uku, ɓarnar. Saƙonka ya bi ta mutanenmu na unguwar Cheetham Hill a Manchester ya isa Kano kafin la'asar. A gidan suna aka karanta wa mahaifiyata shi, a gaban mata. Tun ranar ba ta ɗaga wayata ba. Wallahi raina ya ɓaci, kuma ina jin tsoro, don tana da hawan jini.

Ba na neman ka ba ni haƙuri. Ka janye maganar a inda ka yi ta. Sannan na turo maka lambar Hajiya mahaifiyata. Bakinka ta yarda da shi, ba nawa ba, don haka kai za ka kira ta.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare naka 'ya'yan daga shaidar da ba a bincika ba.

Wassalam.
Nura, Selly Oak