Ƙasar da Kuka Cike Titi da Ita

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Kwangilar da ke aikin sabon titin da ya ratsa kufan garinmu, tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ban san sunanka ba, ma'aikatanka kuma sun ƙi faɗa mini, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Gumel da Maigatari. Mahaifiyata, Iya, ta tsufa, idonta ya fara rauni. Bayan ƙaramar Sallah ta ce in zaga da ita wuraren da ta sani tun tana da sauran gani. Na ajiye aiki na ɗauke ta. Muka tsaya inda ta ce ganuwar Gumel ta bi a da, muka leƙa karar shanu ta Maigatari inda mahaifina ya yi dillanci, muka sha fura a gindin wata tsamiya, tana ta labari har da dariya. Da la'asar muka isa kufan, garin da aka haife ta, wanda mutane suka watse daga cikinsa da rijiya ta ƙafe. Can aka binne mahaifiyarta, da ɗanta na fari, yayana da ya rasu yana goye.

Ga abin da muka tarar.

Na ɗaya, rabin tudun maƙabartar babu shi. Katafilarku ta yashe duk yammacin tsohuwar kukar da ke tsakiya, sai rami da saiwoyi a waje. A wannan ɓangaren kakata take.

Na biyu, na sami shugaban leburorinku, ya rantse mini ba su ga kabari ko ɗaya ba, babu siminti, babu allon suna, tsingaro kawai suka yi ta tonowa, suka ɗauka tsohon juji ne. Ranka ya daɗe, yaushe muka fara yi wa kabari siminti a ƙauye? Mutanenmu fasassun tukwane suke jerawa a kan mamaci kafin su tura ƙasa. Wannan tsingaron da suka raina, shi ne rufin mutanen. Da an tambayi ko makiyayi ɗaya da ke wucewa, da ya faɗa musu.

Na uku, na tambaye shi ina aka kai ƙasar. Ya nuna mini titin da muka biyo. Iya ba ta yi kuka ba. Ta dogara sandarta zuwa gefen titi, ta durƙusa tana lalube, ta tsinci tsingaro guda ta ƙulle a haɓar zaninta. Daga nan muka koma gida.

Tun ranar ban sake bin titin nan ba. Ko an ɗauke ni shata zuwa Sule Tankarkar, zagaye nake ta cikin yashi, fasinja na ta mita. Na gwada sau ɗaya, ƙafata ta ƙi taka totur, don ban san a kan wa tayata za ta hau ba. Iya kuwa kullum bayan asuba tambayarta ɗaya ce, wai jaririn yana nan? Yana gabas da kukar, dab da bakin ramin. Ina ce mata yana nan, alhali ban san abin da katafila ta yi jiya ba. Damina kuma ta ƙarato, ruwan farko zai iya zabtar da gaɓar.

Roƙona gare ka, ka tsayar da haƙa a gabashin kukar tun yau. Ka sa a cike bakin ramin a kewaye wurin, ko da ƙaya ce. Ka kuma ba mu dama mu zo da liman da dattawan da suka rage, mu tattara abin da ya fito fili mu mayar ƙasa yadda addini ya ce. Ba diyya muke nema ba, ba kuma titin muke ƙi ba.

Allah ya ja zamaninka, ya jiƙan magabatanka. Ranar da ka kwanta dama, Allah ya sa kada kowa ya taɓa ƙasar da aka rufe ka da ita.

Wassalam.

Naka,
Wani direba ɗan asalin kufan.