Katakon Burodi a Bakin Ƙofa

Alhamis, 28 ga Shawwal 1439

'Yata Arwa ta ja ni dole zuwa wani wasa. Wai an gina tsohuwar unguwar Makka a cikin wani babban zaure, da lunguna da shaguna da bencin mai unguwa. Babu kujera, babu dandamali, kai ma a ciki kake yawo, 'yan wasan suna harkarsu a gefenka. Na ce mata ni da aka haifa a unguwar Tandabawi a nan Makka, aka rushe layinmu ina kallo, me zan gani a garin kwali? Ta ce, "Yalla, tashi mu je Baba, tun da muka dawo benen nan na unguwar Utaibiyya daga masallaci sai ɗaki."

To, na je. Kwalin ne kuwa, na taɓa. Mai ɗebo ruwa ma gwangwanayensa wayam, sai nishin ƙarya. Ina cikin kushe sai ga katako a bakin wata ƙofa, an jera kwaɓin burodi an rufe da ƙyalle. Ban san lokacin da na ɗora shi a ka ba. Haka muka taso: in babu namiji a gida, matar takan ajiye katakon a ƙofa, namijin da ya fara wucewa shi zai kai gidan gashi ya dawo da shi. Ba tambaya, ba jiran godiya. Sai da na ji ana tafi na farga. Arwa dariya har da hawaye. Kunya kamar in nitse.

Asabar, 1 ga Zulƙida

Kwaɓin dai na gaske ne. Har yau akwai garin fulawa a hulata.

Litinin, 3 ga Zulƙida

Na koma, ni kaɗai. Kurakuransu na je dubawa, ba wani abu ba.

Katakon yana nan, mutane suna ta tsallake shi. Me zan yi? Na ɗauka. Wanda ke wasan mai gashin burodi, Yunus sunansa, ya ce, "Ahlan ya ammi, sannu da zuwa baffa, burodin gidan wa?" Sai na ji bakina ya ce gidan Inna Yalwa. Allah ya jiƙanta, ita ce maƙwabciyarmu ta da, mai ja min kunne in na ɓantari gefen burodinta a hanya. Yunus bai ko ƙifta ido ba, ya ce in gaya wa Inna Yalwa gishirinta ya yi yawa jiya. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Alhamis, 6 ga Zulƙida

Yau na bi lungun hagu, na tarar mai unguwa yana sulhunta mai tsire da mai kifi a kan hayaƙi. Suka sa ni shaida. Na goyi bayan mai tsire mana, namu ne, ko da naman nasa soso ne.

Kafin in fito wani ya riga ni katakon. Ya ɗora a ka, matarsa ta yi masa hoto, ya dire shi a gindin fitila ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na ƙarasa masa aikin. Af, ashe yanzu duk 'yan wasan Inna Yalwa suke kiran matar da ke bayan ƙofar.

Talata, 11 ga Zulƙida

Ina saka takalmi Arwa ta ce, "Kuma? Baba, kana zuwa gaida maƙwabtan kwali, na gaske ko sunansa ba ka sani ba." Wai mutumin ƙofar da ke kallon tamu Dawuda ne, ɗan Maradi, ya tafi Arfa aikin kafa tantuna har bayan Hajji. Matarsa Saudatu tana ciki da jariri. Na ce mutanen bene ba maƙwabta ba ne, kowa da ƙofarsa da makullinsa. Ta ce ranar Juma'a za a rufe wasan, daga nan wa zan gaisar?

Maganar ta yi min zafi. Duk da haka na je, har mai tsire ya ce na makara.

Juma'a, 14 ga Zulƙida

Ranar ƙarshe. Na kai katakon, na dawo da shi, a hankali nake tafiya don kada lungun ya ƙare. Yunus ya rungume ni, ya cusa min burodi mai zafi a hannu, wai saƙon Inna Yalwa. A hanyar fita na hango ma'aikata sun fara kwance bangon baya. Na kau da kai. Wannan kallon na taɓa yin sa, ya ishe ni.

Lahadi, 16 ga Zulƙida

Masallaci, ɗaki.

Talata, 18 ga Zulƙida

Na dawo daga la'asar na ga tukunyar gas a bakin ƙofar gidan Dawuda. Jiya ma na gan ta. Na jijjiga, babu komai a ciki. Mai motar gas ba ya hawowa sama, kowa ya san wannan.

Tare hanya ta yi, shi ke nan, mutum zai iya tuntuɓe. Na sauka da ita, na canzo. Cikakkiyar ta fi katakon burodi nauyi nesa ba kusa ba, a kowane hawa sai na tsaya ina haki, wannan karon nishin ba na ƙarya ba ne. Na so in ajiye shiru yadda ake yi, sai ƙarfen ya bugi ƙasa. Daga ciki muryar mace ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Maƙwabci ne."

Bayana yana ciwo. Arwa ba ta sani ba, kuma ba sai ta sani ba.