Ranar da Safiya Ta Kira Babanta

Ain Khaled, Doha
Oktoba, 2022

Zuwa ga Yaya Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara. Safiya da Gafaru suna gaishe ki. Ghali direba zai je gida hutu, shi na ba wannan takarda da ɗan dabino. Na gwammace in rubuta, don Safiya ta yi wayon da ba a hira a waya a gabanta.

Yaya, maganar ƙanenki ce. Kin san rabonmu da shi tun kafin korona. Na taho aikin jinya da yara, shi kuma aka tura bataliyarsu Tafkin Chadi, sai aka rufe hanyoyi. Gafaru da na taho da shi a goye yanzu yana zuwa makaranta, kuma a waya ya san ubansa. To ga shi an dawo da su bariki, an ba shi hutu. Na saya masa tikitin wasan Ghana da Koriya don ya samu katin Hayya na shigowa ƙasar nan, tunda lokacin gasar ƙwallon duniya ba mai shigowa sai da shi. Na kuma kama mana tanti a bakin teku, a Sealine, kwana biyu, tare da maƙwabtanmu Alidu da matarsa Ajaratu, mutanen Zangon Kumasi.

Amma tun bara Baban Safiya ya canza mini. In na kira shi ta bidiyo sai ya ƙura mini ido, ya ce "to, to", ya ce layi ba kyau. Makon jiya Safiya ta karanta masa sabuwar surar da ta haddace har ƙarshe, tana jiran ya yaba, sai ya ce, "Ki gaida mamanki." Yarinya ta shiga ɗaki ta yi ta kuka.

A gidanki yake kwana. Ki gaya mini gaskiya, ransa ne ya fita daga kanmu? In haka ne, gara in sani kafin in ɗauki yara mu je tarbarsa.

Ki gaida Alhaji. Na gode.

Ƙanwarki,
Haulat

*

Unguwar Rimi, Kaduna
Nuwamba, 2022

Haulat,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Dabinon ko kwana bai yi ba, Alhaji ya raba wa abokansa kamar shi aka aiko wa.

Ke kuma ki kwantar da hankalinki. Wane irin fita kuma? Mutumin da tun da ya dawo ba ya da hira sai taku. Ya je kasuwa ya sayo wa Gafaru takalmi, na ce wannan ai na ɗan yaye ne, yaron ya girma, ya koma ya canzo. Ya sa an yi muku kilishi da yaji, na ƙara da kuka da daddawa. Yana cin abinci sosai. Ya gyara mini ƙofar gida da ta shekara tana ƙara.

Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai magana. Ya roƙe ni kada in faɗa, na yi masa alkawari, ya ce shi zai gaya miki da bakinsa in ya zo. Ba abin kunya ba ne, kuma ba laifinki a ciki. Abu ɗaya zan ce: in za ki yi masa magana, ki tsaya a gabansa ki dube shi. Kada ki riƙa jefo magana daga kicin yadda kika saba.

Ki shafa mini kan yaran nan. Allah ya kawo shi lafiya, ya ba ku hutu mai albarka.

Yayarki,
Mero

*

Ain Khaled, Doha
Disamba, 2022

Yaya Mero,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, alhamdulillahi, kuma ki riƙe wannan kafin ki karanta sauran: Safiya lafiyarta ƙalau.

Ya iso lafiya. A filin jirgi Safiya ta ruga ta rungume shi, Gafaru ya ɓoye a bayana. Kwanakin farko ban zauna ba, asibiti ya cika da baƙin ƙwallo, in fita da safe in dawo a gajiye. Na lura yana ƙure ƙarar talabijin, in na kira shi daga ɗaki ba ya amsawa. Na ɗauka fushi yake yi don ba na zama. Alidu ya raka shi kallon wasa, Ghana ta ci, Alidu ya dawo murya a dishe yana cewa bai taɓa ganin mai sanyin rai irin sojan nan ba, ana ihu kamar filin zai tsage shi ko a jikinsa.

Ranar Juma'a muka tafi Sealine. Ranar farko ta yi daɗi. Ya gasa mana nama, ya ɗora Gafaru kan raƙumi ya riƙe shi, daga nan yaron ya yarda da shi, har ya yi barci a cinyarsa. Ajaratu ta dafa mana wake da shinkafa irin nasu. Na ce a raina, ga shi mun zama gida.

Washegari da hantsi ni da Ajaratu muna wanke-wanke a bayan tanti, Alidu ya tafi sayo ƙanƙara. Baban Safiya yana zaune a gaɓa, ya ba ruwa baya, suna haƙa rami da Gafaru. Safiya tana cikin tayar roba inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Sai iska ta juya. Daga inda nake na ji ta tana kira, "Baba! Baba!" Na leƙo na ga tayar tana tafiya da ita. Shi yana nan kusa, yana zuba wa Gafaru yashi a bokiti, yana dariya. Bai waiwaya ba.

Na ruga ina ihu. Sai da ya ga fuskata ya juya. Ya faɗa ruwa da kayansa har ya kai masa wuya, ita kuwa ta yi nisa. Wani Balarabe mai babur ɗin ruwa ne ya bi ta ya ɗauko ta. Ya miƙo mini ita yana cewa, "Khalas, khalas," wato shi ke nan, ya juya abinsa, ko sunansa ban tambaya ba. Ba ta sha ruwa ba, tsoro ne kawai.

Yaya, a gaban mutane na ce masa, "Wane irin uba ne kai? 'Yarka tana kiranka kana wasa da ƙasa?"

Ya dubi bakina ya ce, "Sake faɗa, ban ji ba."

A cikin mota ya gaya mini, bayan yara sun yi barci. Bara nakiya ta tashi da motar da ke gabansu. Kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. In yana kallon mutum yana haɗawa da motsin baki. Ya ce wa likitan bataliya ya warke, don kada a sallame shi. Na ce ni fa? Ya ce ya so a yi hutun nan tukuna, yara su san shi a matsayin uba kafin su san shi a matsayin kurma.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ya kamata in gane, kuma kin ba ni alama ban ɗauka ba. Amma Yaya, kin san bakin ruwa za mu je, na rubuta miki. Da kin faɗa mini da ban bar yara a hannunsa shi kaɗai ba. Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye ba.

Tun daga ranar nan, Safiya ba ta yi masa magana ba. In ya shigo falo sai ta tashi. Na kai shi wurin likitan kunne, muna jiran sakamako.

Ki gaida gida.

Haulat

*

Unguwar Rimi, Kaduna
Disamba, 2022

Haulat,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, na gama a zaune. Alhamdulillahi da Allah ya tsare. Alhaji ya yi sadaka a masallaci.

Kina da gaskiya. Na ga maganar teku a takardarki, hankalina bai kai can ba, ina ta tunanin kada in karya masa alkawari. Ki yafe mini.

Shi kuma na aika masa nasa saƙon daban, a rubuce, don kada ya ce bai ji ba. Na ce masa ya bar ki ki huta, ya je ya zauna da 'yarsa ya gaya mata da kansa. Ba ƙaramar yarinya ba ce. Abin da ta sani kawai shi ne ta kira ubanta bai zo ba, kuma in ba a faɗa mata dalili ba, ita za ta nemo wa kanta wani.

Allah ya ƙara tsarewa. Ki gaida maƙwabtan nan naku.

Yayarki,
Mero

*

Doha
Disamba, 2022

Yaya,

Assalamu alaikum. Ƙanenki ne, Baban Safiya. Ina gaisuwa, a gaida Alhaji. Na ga saƙonki.

Sakamako ya fito. Na hagu ba gyara. Na dama za a sa masa na'ura. In na dawo zan kai takardun zuwa asibitin soja, abin da suka yanke shi ke nan.

Jiya na sami Safiya tana aikin makaranta, na zauna a ƙasa kusa da ita na gaya mata komai, ban da abin da bai kamata yaro ya ji ba. Na ce ban ji kiranta ba, da na ji da na zo. Ta tambaye ni wane kunne ne mai aiki, na nuna mata. Ta zagayo ta kafa baki a ciki ta ce da ƙarfi, "Baba, ka iya iyo?"

Na ce ban iya ba.

Ta ce, "To ai ko ka ji ba abin da za ka yi."

Akwai wurin koyon iyo a Mesaimeer. Ta ce tare za mu je, kuma ita za ta riƙa gaya mini abin da malamin ya ce. Ranar Asabar za mu fara.

Ƙanenki,
Surajo